Kafin A Sayi Tayil, A Tambayi Ƙafar Da Za Ta Taka Shi

Da aka ce wannan makon ni ne da allo, na san wasunku sun zaci zan kawo batun salon labari ko ƙa'idojin rubutu. Ku yi mini haƙuri, yau da maganar daɓen ɗaki na zo. Diflomata a fannin ƙididdigar gini na yi ta, kuma akwai wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wanda nake ganin mu masu riƙe da alƙalami muna da hannu a cikinsa.

Bara, ana saura wata biyu bikin ƙanwata, Umma ta kwashi adashinta, Kawu ya ɗan ƙara wani abu a kai, aka ce a gyara gida saboda baƙi. Gidan namu tsohon ginin bulo ne, ɗaki uku da baranda da tsakar gida, simintin ƙasan duk ya farfashe. Tunda ni ne ɗan fari, kuma ni ne wai na karanta abin, sai aka damƙa mini kuɗin. Na tafi Ƙofar Ruwa na zagaya shaguna, idona ya faɗa kan wani farin tayil mai sheƙi, irin wanda za ka hango fuskarka a ciki. Na saya har da na baranda. Dattijon da ya zo sa mana ya ɗauki guda ɗaya ya shafa da tafin hannu, ya dube ni ya ce, "Injiniya, wannan ai na falo ne. Ba a barandar nan Hajiya take alwala ba?" Na ce, "Baba, a sa kawai, ai za a riƙa gogewa." Bai ƙara cewa komai ba, ya yi aikinsa, kuma ya yi shi da kyau. Ranar biki kowa ya shigo sai ya yaba.

Cikin watan Agusta, wata asuba da aka kwana ana ruwa, feshi ya jiƙa barandar. Umma ta fito da buta a hannu, taku biyu ta yi santsi ya kwashe ta. Ta dafa ƙasa da hannun dama, wuyan hannun ya karye. Sati shida hannun yana naɗe, keken ɗinkin da take rufa wa kanta asiri da shi yana ajiye an lulluɓe shi da zani. Abin da aka kashe tsakanin hoton ƙashi da magani da zirga-zirgar asibiti ya fi kuɗin tayil ɗin barandar gaba ɗaya. Ba ta taɓa ɗora mini laifi ba. Abin da kawai ta ce shi ne, "Ɗan nan, ka daina damun kanka, tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Ni kuwa na san an gaya mini, na ƙi ji.

Ra'ayina ke nan a taƙaice: ga mai ƙaramin ƙarfi, tayil ba shi ne farkon gyaran gida ba, kuma ba kowane lungu na gida ne ya dace da shi ba. Ban ce kada a sa ba. Duk wanda ya taɓa ɗaga tsohuwar ledar ɗaki ya ga abin da ke kwance a ƙarƙashinta, ga danshi ga wari ga kiyashi, ya san darajar tayil. Gidan da ke da yara ƙanana, tsumma ɗaya ya isa a share ɓarnarsu. Leda tana yagewa a ƙafar gado da bakin ƙofa, bayan 'yan shekaru sai an sake wata, tayil kuwa idan an sa shi daidai sai ya ga jikoki. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke hana barci, babu abin da ya kai kwanciya a kansa daɗi. Duk na yarda da wannan. Inda nake da ja shi ne yadda muke sa shi gaba da komai, da yadda muke zaɓensa da ido kaɗai.

Ku shiga gidajen da aka yi wa kwaskwarimar biki ku ɗaga kai sama. Sau da yawa za ku ga silin da tabon yoyo, ƙasa kuwa sai walƙiya take. An bar kwano yana zuba an tafi sayen abin da baƙi za su gani. A ganina layin kashe kuɗi a tsohon gida a bayyane yake. Rufi ne farko, domin ruwan da ke sauka ta sama ba ya barin fenti ko silin ko katifa. Sai hanyar ruwa, wato indararo da kwata da gangaren tsakar gida, don kada ruwa ya kwanta a gindin bango. Sai banɗaki. Idan kuɗi ya yi saura bayan waɗannan, to a yi maganar tayil ɗin ɗaki.

Batun danshi ya fi ƙarfin a wuce shi da sauri. Yawancin tsofaffin gidajenmu an zuba kankaren ƙasansu ne ba tare da an shimfiɗa ledar da ke tare ruwa a ƙarƙashi ba, don haka da damina ruwan ƙasa yana tsotsowa sama. Alamarsa ita ce farin gishirin nan da ke fitowa a gindin bango, fenti ya riƙa kumbura yana zubowa. Mutane da yawa suna ɗauka idan an rufe ƙasa da tayil, an kuma ɗaga shi ya hau bango, an kashe maganar. Ruwan bai tafi ko'ina ba, hanya aka toshe masa, sai ya haura ya ɓullo a saman inda tayil ɗin ya tsaya. A ginin ƙasa abin ya fi muni, domin bangon da aka hana shi bushewa yana ruɓewa ne daga ciki ba tare da an gani ba. Akwai gwajin da ba ya cin ko sisi: a yanki leda mai faɗin kamar rabin mita, a shimfiɗa ta a ƙasan ɗakin, a liƙe gefunanta huɗu da salatif, a bar ta kwana ɗaya ko biyu. Idan an ɗaga aka ga raɓa a jikinta ko simintin ya yi duhu, ƙasan tana da ruwa, kuma a nan ya kamata kuɗin ya fara shiga.

To, a ce an wuce wannan, an zo kasuwa. Abin da muke kira tayil iri biyu ne manya. Akwai na yumɓu da aka gasa aka yi wa fuskarsa ruwan gilashi, shi ne siramik, kuma shi ya fi araha. Akwai fosilin, wanda ake gasawa da wuta mai tsanani, sama da digiri 1,200, har ya zama ruwan da yake sha bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa ba. Idan kana son ka bambance su, juya bayan tayil ɗin ka ɗiga ruwa. Siramik zai shanye, a kan fosilin kuwa ruwan zai tsaya. Ga ɗakin kwana da falon gida, siramik mai kyau ya wadatar, babu dalilin cin bashi don fosilin. Sai dai a kiyaye abu ɗaya: tayil ɗin bango daban, na ƙasa daban. Na bango ya fi sirantaka da santsi, an yi shi ne don a kalla, kuma saboda ya fi sauƙin kuɗi wasu suna shimfiɗa shi a ƙasan banɗaki. Wannan tarko ne mutum yake ɗana wa iyalinsa da kuɗinsa.

Wasu kwalayen suna ɗauke da lambobin da ke da amfani ga mai saye. Lambar PEI tana nuna juriyar fuskar tayil ga gogayyar ƙafa, daga 1 zuwa 5, kuma 3 ta ishi ɗakunan gida, 4 ga zaure ko shago. Lambar R, daga R9 zuwa R13, tana nuna yadda yake riƙe ƙafa, kuma wurin da ruwa ke zuba yana son R10 ko sama. Idan babu lambar, a yi abin da dattijon nan ya yi, a ƙara da ruwa: a zuba kaɗan a kan tayil ɗin a murza da tafin hannu. Wanda hannu ya zame a kansa, ƙafar tsohuwa ma za ta zame.

Akwai kuma ruɗin nan na "ɗan waje". Da ka shiga shago za a ce maka wannan ɗan Sifen ne, wannan ɗan Italiya, wannan ɗan Indiya ko Chana, wannan kuma ɗan gida. Gaskiya ne Sifen da Italiya sun yi suna a wannan sana'a. Amma tun a 2015 da Babban Bankin Nijeriya ya sa tayil cikin kayayyaki 41 da ya hana wa dalar gwamnati don shigo da su, na waje ya ƙara tsada, na masana'antun cikin gida irin waɗanda ke Ajaokuta a jihar Kogi da kuma jihar Ogun ya cika kasuwa. An ɗage hanin a 2023, sai dai a shekarar ce darajar naira ta faɗi warwas, don haka ɗan waje bai sauko ba. Shawarata ga mai ƙaramin aljihu ita ce ya sayi ɗan gida mai daraja ta ɗaya. Ya buɗe kwali a gaban mai shago, ya haɗa guda biyu fuska da fuska ya ga ko sun kwanta ko akwai wanda ya lanƙwashe, ya jera guda huɗu a ƙasa ya ga ko girmansu ɗaya. Masu daraja ta biyu suna da araha, amma bambancin milimita biyu a girma ya isa ya karkatar da layin ɗaki gaba ɗaya, sai dai a kai su sito ko wani wurin da ido ba ya zuwa.

Ga lissafin da nake so kowa ya iya da kansa, don kada a yi masa ƙiyasin baki. Ɗakin da muke kira sha biyu sha biyu, wato ƙafa 12 kowane gefe, ya kai sukwaya mita 13.4. Tayil mai santimita 40 kowane gefe yana rufe sukwaya mita 0.16, ke nan ana bukatar guda 84. A ƙara kashi goma cikin ɗari saboda yanka da fashewa, ya zama 93. Sikatin na gindin bango, idan ana yanka kowane tayil gida huɗu, zai ci kamar guda 9. Jimla 102. Irin wannan girman yawanci guda 12 ne a kwali, don haka kwali 9 za a saya, a sami ragowar guda shida. Kada a mayar da ragowar nan, a ɓoye su a ƙarƙashin gado, domin ranar da guda ɗaya ya fashe ba lallai a sami irinsa a kasuwa ba, ko an samu ma launin wani gashin yakan ɗan saɓa da na wani. Saboda haka ne ma ya kamata a sayi duka a rana ɗaya, a duba lambar gashin da ke jikin kwalayen ta zama iri ɗaya. Mai santimita 60, wanda ake yayi yanzu, guda 4 ne a kwali, kuma ɗakin nan zai ci kwali 11 kafin a zo sikatin. Ya fi kyan gani, ban musa ba, amma yana son ƙasa mai daidaito sosai, asararsa wajen yanka ta fi yawa a ƙaramin ɗaki, kuma idan guda ya fashe ɓarnar ta fi girma. Jerin kwana-kwana da wasu ke so don ado shi ma yana ƙara asara zuwa kusan kashi goma sha biyar.

Kuskuren da kusan kowa yake yi shi ne ya lissafa kuɗin kwalaye ya ɗauka ya gama. Ɗakin nan guda zai sha siminti buhu 4 zuwa 5 gwargwadon kaurin shimfiɗar da za a yi, ga yashi, ga farin simintin cike tsakani, ga ruwa idan sai an saya wurin 'yan garuwa, ga kuɗin mota, ga ladan mai aiki. Sannan ƙasan ɗaki za ta ɗaga da kamar santimita huɗu ko biyar, ke nan sai an kira kafinta ko mai walda ya rage ƙofa. Wanda ya ga yadda farashin siminti ya yi tashin gwauron zabi a farkon 2024 ya san wannan ɓangaren ba abin rainawa ba ne. Na ga gidan da aka sayi tayil aka jingine a zaure fiye da shekara saboda kuɗin sawa ya gagara, yara suna ta fasa shi ɗaya bayan ɗaya.

In dai za a matse, kada a matse a wurin mai aiki. Gwani da tayil mai araha ya fi ɗan koyo da tayil mai tsada nesa ba kusa ba. Ka je ka ga aikin da ya yi shekara biyu da suka wuce, ba wanda ya gama jiya ba. Ranar aiki ka tsaya a wurin. Siramik ana jiƙa shi a ruwa kafin a ɗora a kan siminti, in ba haka ba zai tsotse ruwan kwaɓin ya bar shi ba ƙarfi. Fosilin kuwa ba ya kama siminti zalla sosai, yana son gam ɗinsa na musamman, wani ƙarin kuɗin ke nan da mai shago ba zai tuna maka ba. Kwaɓin ya cika bayan tayil ɗin duka, ba a ɗiga shi a kusurwa huɗu da tsakiya ba. A bar tazarar milimita biyu zuwa uku tsakanin kowane biyu, a bar 'yar tazara a jikin bango wadda sikatin zai rufe. Masu cewa a manne su ƙam don kada a ga layi su ne suke wayar gari su ga tsakiyar falo ya yi tozo, domin kayan gini suna buɗewa da zafi suna tsukewa da sanyi, kuma sai sun sami wurin motsi. Bayan kwana biyu, ka ɗauki makulli ka bi su ɗaya-ɗaya kana ƙwanƙwasawa. Wanda ya yi ƙarar ganga akwai rami a ƙarƙashinsa, a cire a sake kafin ka biya cikon kuɗi.

Yanzu bari in zo inda na fi so mu yi muhawara. Yawancin hotunan da muke gani a waya muna sha'awa, na gidajen mutanen da rayuwarsu ta bambanta da tamu ne. Mu a ƙasa muke cin abinci, a ƙasa muke salla, a ƙasa tsofaffinmu suke zama su miƙe ƙafa. Da hunturu tayil yana yin sanyin da mai ciwon ƙafa ba ya iya takawa, sai ka ga an sake sayen kafet an rufe abin da aka kashe kuɗi don a gani. Muna daka a turmi, kuma taɓarya ba ta san tayil ba. Muna ajiye kurfoti da garwashi. Muna alwala sau biyar a rana, buta tana yawo tsakanin banɗaki da baranda. Ƙurar hunturu tana kwanciya a kan fari mai sheƙi da baƙi mai sheƙi ta yadda ko sawun kyanwa sai an gani, mai gogewa kuwa ita ce matar gidan ko 'yarta, ba mai zaɓen ba. Launin ƙasa-ƙasa ko ruwan toka marar sheƙi ya fi rufa asiri. Don haka idan kuɗin na wuri ɗaya ne, ni banɗaki zan fara sa wa, da ƙananan tayil masu kaushi, a karkata ƙasan kamar santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita zuwa bakin rariya. Sai wurin wanke-wanke a kicin. Tsakar gida a bar ta da siminti mai ɗan kaushi, ko a sayi fasassun tayil da ake sayarwa a buhu a jera su, in dai mai aikin zai nutsar da bakinsu kada su yanki ƙafar yara.

Gidan haya kuma wata magana ce. Ango ya kama ɗaki biyu, dangin amarya su zo gani su ce ba za a jera kayan 'yarsu a kan siminti ba. Ya ciwo bashi ya sa tayil a gidan da ba nasa ba. Shekara ta zagayo, mai gida ya ga ɗaki ya yi kyau ya ƙara kuɗin haya, ko ya ce ɗansa zai yi aure yana son wurin. Leda ana naɗe ta a tafi da ita, tayil kuwa ya zama na mai gida. Wanda ya ga lallai sai ya sa, to ya zauna da mai gidan tun kafin a sauke kwali ɗaya, a rubuta a takarda da shaidu cewa za a cire kuɗin daga haya. In ya ƙi, a gyara simintin a shimfiɗa leda mai kauri, a ajiye sauran kuɗin don buhun shinkafa.

Na ce muna da hannu, ga abin da nake nufi. Ku tuna littattafan da muke karantawa da waɗanda muke turawa shafi-shafi a WhatsApp. Da jaruma ta auri mai kuɗi, abin da ake fara siffantawa shi ne falon da ƙasansa ke ɗaukar ido kamar madubi. Gidan iyayenta kuwa, in ana son a nuna talauci, sai a ce ko tayil babu. Ni ma na rubuta irin wannan jimlar a labarina na farko, ban ware kaina ba. Yarinyar da ta karanta irin wannan sau ɗari kafin ta kai shekara ashirin, me za ta ji ranar da aka kai ta ɗakin siminti? Ban ce mu mayar da labari darasin gini ba. Amma marubucin da ya san ƙarar da tayil mai rami yake yi, ya san yadda amarya ke tafiya a ɗarare a kan jiƙaƙƙen falo da tiren abinci a hannu, ya fi wanda ya tsaya a "ya haɗu iya haɗuwa" abin faɗa. Kuma kakanninmu ba a kan turɓaya suka kwana ba. Suna da daɓe: a zuba tsakuwar marmara, mata su taru da madaɓai suna bugawa suna waƙa, a yayyafa ruwan makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, ƙasa ta yi tauri ta yi duhu mai kyau. Akwai jan simintin da ake gogewa har ya yi sulɓi, akwai tarazo na gidajen da aka gina shekaru arba'in ko hamsin baya, wanda har yau yana nan garau a wurare da yawa, amma ana fasa shi da guduma don a sa abin da bai kai shi ƙarko ba. Yaushe rabon da ku ga ɗayan waɗannan a labari ba tare da an kawo shi don a nuna rashi ba?

Barandarmu dai mun fasa ta bayan an kwance hannun Umma. Na koma wurin dattijon nan da kunyata, na ce, "Baba, maganarka ta fito." Ya yi murmushi ya ce, "Injiniya, ya jikin Hajiya?" Muka sayi mai kaushi ruwan ƙasa, kwali biyar, ya karkata shi zuwa tsakar gida, ya gina ɗan dakali a gefe inda za ta riƙa zama ta yi alwala, mai walda ya kafa mata ƙarfen dafawa a bango. Fararen da aka ciro, waɗanda ba su farfashe duka ba, an jera su a bayan murhu. Hannun ya warke, ta koma kan kekenta, sai dai har yanzu idan gari ya yi sanyi takan ajiye almakashi ta ɗan murza wuyan hannun kafin ta ci gaba.